Bul-teriye, kare mai kan ƙwai

Karatu na ɗaya: Kamanninsa

Yara, ku dubi hoton da ke saman wannan shafi da kyau. Wace dabba ce wannan? Wani zai ce tunkiya ce, don ga doguwar fuska a lanƙwashe. Wani zai ce ɗan maraƙi ne da bai yi ƙaho ba. To, ku sake dubawa. Ga farata, ga haƙora, ga wutsiya. Kare ne. Sunansa bul-teriye. Asalinsa ƙasar Ingila, amma yau ana kiwonsa a Faransa da Amurka da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe masu yawa.

Babban abin da ya raba shi da sauran karnuka, kansa ne. Ku tuna da karen unguwarku. In kun bi fuskarsa da ido daga goshi zuwa hanci, za ku ga wani ɗan kwari tsakanin idanu, inda goshi ya ƙare, dogon baki ya soma. Bul-teriye ba shi da wannan kwari. Kansa ya gangaro sumul tun daga tsakanin kunnuwa har bakin hanci, babu lotsawa ko kaɗan. In ka dube shi ta gaba, sai ka ce ƙaton ƙwai ne aka ɗora bisa wuya. Shi ya sa ake ce masa mai kan ƙwai.

Idanunsa ƙanana ne, baƙaƙe, sun shige ciki, kuma a karkace suke. Kusurwa uku gare su. Ku zana ƙaramar alwatika bisa allonku, ku ɗan kwantar da ita gefe: kun zana idon bul-teriye ke nan. In ya ƙura maka waɗannan ƴan idanu, sai ka ga kamar yaron da ya ɓoye ƙuli-ƙuli a aljihu, yana jira ya ga ko an gane.

Kunnuwansa ƙanana ne, marasa kauri, suna tsaye cir kusa da juna. Wuyansa kakkaura ne, ƙirjinsa faffaɗa, ƙafafunsa miƙaƙƙu masu ƙarfi. Wutsiyarsa gajera ce, mai kauri a gindi, siririya a ƙarshe, kuma a miƙe yake riƙe ta, daidai da bayansa. Gashinsa gajere ne, ya kwanta luf a jiki, yana ƙyalli, amma in ka shafa za ka ji shi da ɗan kaushi.

Ba dogo ba ne. Daga ƙasa zuwa kafaɗa, yakan kai wajen santimita 53 zuwa 56. Nauyinsa kuwa yakan kama daga kilo 22 zuwa 32, wato kusan nauyin ɗan lakwal mai shekara takwas ko tara. Ku gwada shi da karen Azawak, wanda makiyaya suke kiwo a arewacin Nijar da Mali. Namijin karen Azawak yakan kai santimita 70 ko fiye, amma da wuya ya wuce kilo 25. Shi dogo ne siriri, jikin gudu gare shi. Bul-teriye gajere ne dunƙulalle, jikin kokawa gare shi. Akwai kuma ƙaramin bul-teriye, mai kama ɗaya da babban, sai dai ba a son tsayinsa ya wuce santimita 35 da rabi.

Karatu na biyu: Daga ina ya samo wannan kama?

Kun san abin da manomi yake yi lokacin girbi. Yakan ware zangarniyar hatsi mafi cika, ya ajiye ta don iri. Baɗi ya shuka ta, ya sake ware mafi kyau. In ya daɗe yana haka, hatsin gonarsa sai ya bambanta da na maƙwabta. Haka masu kiwo suke yi da dabbobi. Su zaɓi uba, su zaɓi uwa, su duba ƴaƴan da aka samu, su sake zaɓe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta wannan hanya ce aka samu bul-teriye, kuma farkon labarinsa ba mai daɗi ba ne.

A dā, akwai wani mugun wasa a Ingila. Sai a ɗaure bijimi a turke tsakiyar fili, a sako masa karnuka. Kare ya daka tsalle ya cafke hancin bijimi, ya ƙi saki. Bijimi ya yi ta jijjiga kai, wani lokaci ya soke karen da ƙaho, ya cilla shi sama. Mutane kuwa suna kewaye suna ihu, suna caca da kuɗinsu. Karen da ake sa wa wannan aiki sunansa buldog. Yana da ƙarfin muƙamuƙi, amma ba shi da sauri.

A shekarar 1835 majalisar dokokin Ingila ta hana wannan wasa, ta hana kuma haɗa dabbobi faɗa. Amma mai hali ba ya barin halinsa. Bijimi ba ya ɓoyuwa, kare kuwa yana ɓoyuwa. Sai ƴan caca suka koma haɗa karnuka faɗa a ɓoye, ko su zuba ɓeraye cikin shinge, su ga karen wa zai fi kashewa. Don wannan suna bukatar kare mai ƙarfi kuma mai zafin nama. Tun kafin dokar ma, wasu sun soma haɗa buldog barbara da wani ƙaramin kare mai suna teriye, gwanin kamun ɓera da bin dabba cikin rami. Ƴaƴan da aka samu suka gaji ƙarfin wannan, suka gaji zafin naman wancan.

A nan ne sunan ya fito. A harshen Ingilishi, "bul" shi ne bijimi. "Teriye" kuwa daga Faransanci ta fito, kuma kun san danginta: la terre, wato ƙasa, da un terrier, wato ramin da zomo yake haƙa ya shiga.

Wajen shekarar 1860, wani mai sayar da karnuka a birnin Barmingam, sunansa Jems Hinks, ya yi wani tunani dabam. Ya lura masu kuɗi sun soma sha'awar gasar nuna karnuka, inda kyau ake dubawa. Sai ya shiga haɗa waɗannan karnukan faɗa da wani farin teriye na Ingila, wanda irinsa ya ƙare yanzu. Ya samu kare fari fat, mai tsabtar jiki, mai dogon kai, wanda saurayi ɗan gayu zai ja a titi ba tare da jin kunya ba. Mutane suka so shi ƙwarai, har suka yi masa laƙabi da "farin barde". Hinks ya rasu a 1878. A 1887 masu kiwon wannan kare suka kafa ƙungiyarsu a Ingila.

Amma da za a nuna muku karen Hinks, ba za ku ga kan ƙwai ba. Ko kunnuwan nan masu tsayuwa ba haka suke ba. A lokacin, yanke su ake yi da almakashi tun kare yana ƙarami, don su tsaya. A 1895 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta hana shigar da kare mai yankakken kunne cikin gasa. Masu kiwo suka rasa yadda za su yi, sai suka koma dabarar manomi. Duk kwikwiyon da kunnuwansa suka tsaya da kansu, shi ake ajiyewa don iri. A hankali aka samu abin da ake so, ba da almakashi ba. Haka aka yi da kai. Wajen shekarar 1917 aka samu wani kare mai suna Lod Giladiyato, wanda ake ɗauka shi ne na farko da ba shi da kwarin nan na tsakanin idanu. Ku ƙidaya: daga 1860 zuwa 1917 shekara nawa ke nan?

Karatu na uku: Kuɗin farin gashi

Farin gashi yana da kyau, amma ya zo da wata masifa da masu kiwo ba su nema ba. Da yawa daga cikin fararen kwikwiyoyin suna tashi kurame.

Ga dalili. A jikin dabba akwai wasu ƴan ƙwayoyin halitta, ido ba ya ganinsu, su ne suke ba fata da gashi launi. Can cikin kunne ma akwai su, kuma a can aikinsu dabam ne: suna taimakon sashen da yake karɓar sauti ya rayu. Farin kare yana da ƙarancin waɗannan ƙwayoyi. In aka yi rashin sa'a babu su cikin kunne, sai sashen ji ya lalace cikin makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba ya gyaruwa. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin fararen bul-teriye biyar, wajen ɗaya kurma ne, ko da kunne ɗaya ko da duka biyu. Cikin masu launi kuwa, ɗaya ne ko biyu cikin ɗari.

Tun farkon ƙarni na 20 wasu masu kiwo suka soma maido da launi. An yi gardama mai zafi, don masu son fari suna ganin an ɓata musu iri. A ƙarshe dai aka karɓi masu launi; a Amurka an yi haka a 1936. Yau akwai ja, akwai baƙi, akwai ruwan ƙasa, akwai mai ratsi-ratsi, akwai mai launi uku. Farin ma ana yarda ya kasance da tabo a kai, kamar baƙin da ya kewaye ido ɗaya. Likitocin dabbobi kuma suna da na'urar auna jin kwikwiyo tun yana ɗan mako biyar ko shida. Mai kiwo na kirki ba ya ajiye kurma don iri.

Farin bul-teriye yana da wata matsala kuma. Fatarsa ja-ja ce a ƙarƙashin gashi, rana tana ƙona ta, musamman bisa hanci da kunnuwa da ciki. Kare kuma ba ya zufa kamar mutum. Lallage harshe yake yi yana haki don ya sanyaya jikinsa. Saboda haka wannan kare yana bukatar inuwa da ruwan sha kullum. Ranar watan Afrilu irin tamu ba tasa ba ce.

Karatu na huɗu: Halinsa

A ƙasashen Turai, bul-teriye karen cikin ɗaki ne. Yana kwana kusa da masu gida, ana saya masa abinci, ana fita yawo da shi da igiya. Wannan zai ba ku mamaki, don a wurinmu aikin kare gadi ne, ko farauta, ko bin garke. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wanda ya ga ƙirarsa zai zaci mugu ne. Amma masu kiwonsa sukan kwatanta shi da yaro ɗan shekara uku: ga son wasa, ga ƙiriniya, ga son a kula da shi. Yana son mutane ƙwarai. In mai gidansa ya zauna, sai ya zo ya jingina da shi da dukan nauyinsa, ko ya nemi hawa cinyarsa, ya manta shi kilo talatin ne. Wani lokaci, ba gaira ba dalili, sai ya zabura ya yi ta zagaya gida a guje, ya bangaji kujera, ya bangaji bango, sa'an nan ya kwanta kamar ba shi ba. Akwai wani abin ban dariya kuma da wasunsu suke yi. In suka shiga ƙarƙashin reshen icce mai ganye ko tufafin da aka shanya, sai su riƙa tafiya sannu sannu kamar hawainiya, ganyen yana shafar bayansu.

Yana da wayo, amma yana da taurin kai. Ya kan gane abin da ake so ya yi sarai, sa'an nan ya tsaya yana dubanka, kamar yana tambaya: "In na yi, me zan samu?" Duka ba ya gyara shi. Kakanninsa an zaɓe su ne don jure ciwo, saboda haka bulala ba ta koya masa kome sai rashin yarda da mutum. Abin da yake ji shi ne haƙuri, da wasa, da ɗan abin tauna in ya yi daidai, da kuma doka ɗaya da ba ta sakewa. In yau an hana shi hawa tabarma, gobe aka bar shi, to jibi tabarma ta zama tasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ana soma horon tun yana ɗan wata biyu ko uku, a saba masa da mutane iri iri da sauran dabbobi.

Babban maƙiyinsa kaɗaici ne. In aka ɗaure shi ko aka kulle shi yini guda shi kaɗai, sai ya shiga ɓarna. Ya tauna takalmi, ya yage katifa, ya haɗiye tsumma ko dutse, har sai likita ya yi masa aiki a ciki. Wasu kuma sukan kama bin wutsiyarsu, su yi ta juyawa wuri ɗaya sa'o'i da yawa, har su ƙi cin abinci. Masu kallo suna dariya, amma wannan ciwo ne, kuma an san wannan iri da shi. Yana bukatar gudu da wasa kamar sa'a guda kowace rana. Yakan rayu shekara 11 zuwa 13. Wanda ya ɗauki kwikwiyo ranar da kuka shiga aji ɗaya, zai ci gaba da ciyar da shi har bayan kun zama samari da ƴanmata.

Kada mu manta da asalinsa. Son faɗa da wasu karnuka bai fita daga jinin wasunsu ba, musamman namiji da namiji. Sukan kuma bi kyanwa ko kaza ko zomo da gudu. Ko cikin wasa, ƙarfinsa ya isa ya kayar da ƙaramin yaro. Don haka ba a barin sa da jariri ko ɗan yaye ba tare da babba ba, kome sabonsa da gidan.

Wannan doka ta shafi kowane kare, har na unguwarku. Kada ku taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana tare da ƴaƴanta. Kada ku jefe shi, kada ku ja masa wutsiya. In baƙon kare ya nufo ku, kada ku ruga. Ku tsaya cik, hannuwa a jiki, ku kau da ido. In kuwa kare ya ciji ɗayanku, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabuni har minti 15, a gaya wa babba, a tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Akwai allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro a 1885. Amma sai an yi ta da wuri take aiki.

Karatu na biyar: Kurmar da take taryen jirage

A can arewacin Amurka, a jihar Alaska mai tsananin sanyi, akwai wani gari a bakin teku, sunansa Juno. Duwatsu da ƙanƙara sun kewaye shi. Har yau babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran ƙasar. A dā, kusan kome ta jirgin ruwa yake zuwa: abinci, da wasiƙu, da baƙi. Ranar zuwan jirgi kamar ranar kasuwa ce.

An haifi wata farar karya bul-teriye a 1929, aka kawo ta garin tana ƴar kwikwiyo. Sunanta Patsi An. Kurma ce tun tana ƙarama. Ba ta yarda da zaman gida ba. Sai ta riƙa yawo cikin gari, kanti kanti, kowa yana ba ta ɗan abin tauna, har ta yi ƙiba.

Ga abin mamaki. Ba ta jin ƙahon jirgi, amma tun kafin a hango jirgi sai a gan ta ta nufi bakin ruwa da sauri, ta zauna daidai inda zai tsaya. Mutanen gari suka gane. In sun ga Patsi An ta wuce, sai su ajiye abin da suke yi, su bi ta. A 1934 magajin garin ya naɗa ta mai taryen baƙi ta garin Juno. Aka ɗauki hotunanta, aka buga bisa katunan da matafiya suke aika wa danginsu ta gidan waya.

Da ta tsufa, ta fi zama a zauren ƴan dakon tashar jirage. A nan ta mutu cikin barci, a watan Maris na 1942. Mutane suka taru, aka sa ta cikin ɗan akwati, aka saukar da shi cikin ruwan da ta saba zama tana kallo. A 1992, shekara 50 bayan mutuwarta, aka kafa siffarta ta tagulla a bakin tashar, ta juya kai wajen teku. Baƙin da suka sauka daga jirgi sukan tsaya su shafa kanta.

Ma'anar kalmomi

alwatika: zane mai gefe uku da kusurwa uku
turke: guntun icce da ake kafawa a ƙasa don ɗaure dabba
zafin nama: saurin motsi da kuzari
laƙabi: sunan da ake sa wa wani saboda kamanninsa ko halinsa

Mu koyi Faransanci

kare: le chien
karya: la chienne
kwikwiyo: le chiot
bijimi: le taureau
ƙwai: l'œuf
kurma: sourd, sourde
likitan dabbobi: le vétérinaire
Le chien a une tête en forme d'œuf. La chienne blanche est sourde.

Tambayoyi

1. Me ya raba kan bul-teriye da na sauran karnuka?
2. Waɗanne karnuka biyu aka haɗa tun farko, kuma me aka gada daga kowanne?
3. Me masu kiwo suka yi bayan an hana yanke kunnuwa a 1895?
4. Don me kurumta ta fi yawa cikin farare?
5. Wani mutum yana fita aiki tun asuba, ba ya dawowa sai dare, kuma ba kowa a gidansa. Ya dace ya ɗauki bul-teriye? Ku faɗi dalilinku.
6. Patsi An ba ta ji. A ganinku, ta yaya take sanin jirgi yana tafe?

Aiki

Ku auna santimita 55 a jikin bangon aji, ku sa alama da alli. Ku auna santimita 70, ku sa wata. Wace alama ce ta bul-teriye, wace ce ta karen Azawak?

Ku tambayi wani manomi ko makiyayi na garinku yadda yake zaɓen iri. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ku kawo gobe.